Mai Yi wa Ƙasa Allura

Tsohuwar nas tana gane mai hannun allura ko daga nesa, shi ya sa ta dire kwandon cefanenta a bayan rufaffiyar masana'antar ƙarafa, tana kallon mutumin da ke durƙushe a wurin. Ƙato ne mai furfura a gemu, takalman roba har gwiwa, tabarau ɗaure da zare. Ya zura siririn tiyo cikin wani bututu da ya nutse a ƙasa, yana ɗan ɗalle shi da farce don kumfar iska ta fita.

"Bawan Allah, wa kake yi wa allura?"

"Ruwan da ke ƙarƙashinku, Inna," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Sinadarin wanke ƙarfe ne ya lalata shi. Ƙwayoyin bakteriya nake tura masa su cinye dafin, su kuwa iska kashe su take yi."

Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yaƙi da ƙwayoyin cuta, sai ta riƙe haɓa. Amma hannunsa ba ya rawa, kuma ba ya duba agogo. A ranta ta ce wannan ya taɓa doguwar jinya, ta uwa ko ta mata, ya san sauƙi ba ya zuwa da gudu.

"Yaushe za mu cire kwaɗon da aka kulle rijiyarmu da shi?"

"Ke kam ban yi miki alkawari ba, Inna. Amma jikokinki za su sha."

Ta ɗauki kwandonta hankali kwance. A asibiti ma, likitan da ya ƙi yi maka daɗin baki shi ake danƙa wa rai.