Layin Tokar Makau

In kana son ka ɓata wa mutumin Bukkuyum rai, tambaye shi yaushe rabon da kwalejinmu ta ci ta Gummi a gasar ƙwallon makarantun shiyya. Babu rabo, malam, domin ba mu taɓa cin su ba. Sun ci mu a gidansu, sun ci mu a namu, har mun daina ƙirga. In motarsu ta taso, cewa suke za su Bukkuyum cin tuwo. Mukan yi dariyar yaƙe mu haɗiye. Mutum ɗaya ne abin bai taɓa ba shi dariya ba, shi ne Makau.

Makau mai faskaren icce ne a kicin ɗin kwalejin, gajere, ga taurin kai kamar na jaki. Shi ke ja wa fili layi ranar wasa, da tokar murhun kicin a tsohon bokiti. Filinmu ba raga, sanduna ne kawai, saboda haka layin da ke tsakanin sandunan nan shi ne alƙali na gaskiya.

A shekarar 2012 ɗansa Zayyad ne ɗan wasan gabanmu. Kai, yaron nan akwai ƙafa! Da safen ranar wasanmu da Gummi, matar Makau, Inna Yalwa, ta roƙe shi toka don za ta surfa kalwar daddawa, ya ɗibar mata rabin bokiti. Ragowar ya ja layi da ita siriri. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci aka yi ɗan yayyafi, layin ya bi ƙasa.

Ana dab da tashi, ba wanda ya ci wani, Zayyad ya buga ƙwallo a gidan Gummi, tsakanin sandunan gabas. Ina tsaye a gefen, na ga ta shiga, wallahi ta shiga. Golan Gummi ya jawo ta daga ciki da hannu. Alƙalin wasa ya zo ya duba ƙasa, ya ce shi bai ga layi ba, ba zai ba da abin da bai gani ba. Muna cikin tafasa suka zura mana ɗaya.

Ba wanda ya ɗora wa Makau laifi. Zayyad ne kawai, yana cire takalmi, ya ce masa, "Baba, da ka zuba ta da kauri."

Maganar ke nan da ta zame ta ƙarshe mai nauyi a tsakaninsu. Yaron ya gama makaranta ya bi abokai haƙar zinari wajen Anka, damina na tsakiya rami ya rufta da su. Ba a ciro shi ba, Makau bai sami ko kabarin da zai tsaya a kai ba.

Tun daga nan layin gabas ya zame masa kabarin. Duk wasa sai ya zuba toka, ya sake zubawa, ya danna da ƙafa, ko ba wasa yakan je ya ƙara. Masu dafa abinci suka ce da rana tsaka yakan ajiye gatari ya ce su saurara, wai ana buga ƙwallo a gabas, alhali fili fayau. Inna Yalwa ta daina daddawa. Da aka ce ya tsufa ya huta, ya rantse ba zai ajiye bokiti ba sai ƙwallonmu ta ƙetare layin nan kowa ya gani. Yau da gobe, wurin ya yi tudu kamar kunyar dawa. Mun gani, amma wa zai iya yi masa magana?

A 2018 Gummi suka sake zuwa. Aka kai ƙarshe ba ci, mu ke kai hari gabas. Wani ɗan wasanmu ya yanke golansu ya tura ƙwallo a hankali, ba kowa a gida. Muka miƙe. Ta gangara, ta gangara, ta hau tudun tokar, ta yi tsaye cak, sannan ta ɗan dawo baya. Ɗan bayansu ya zo ya watsa ta waje.

Aka tashi canjaras. Ɗalibai suka cika fili da ihu, su a wurinsu sallah ce, ko canjaras ba mu taɓa yi da Gummi ba. Ni kuwa na shiga neman Makau. Na same shi durƙushe tsakanin sandunan, yana shafa ɗan gurbin da ƙwallon ta bari a tokar. Na dafa shi, bai san ina wurin ba.

"Na zuba da kauri, Zayyad," ya ce. "Ai kai ka ce in zuba."

Sannan ya jawo bokitin, ya ɗebi toka ya cike gurbin.