Taku Goma Sha Tara na Baba Mai Yashi

Kafin 'yan wasa su iso fili, Baba Mai Yashi ya riga ya kwance tiyo, ya jiƙa ramin da masu tsallen nisa ke faɗawa, ya bi shi da manjagara har ya kwanta sumul. Wani lokaci yakan durƙusa ya tankaɗe yashin da rariya, don ya taɓa tsintar fasasshiyar kwalba a ciki. Shekara talatin da ɗaya yana wannan. Aiki ne mai ban mamaki: mutum ya sheƙo a guje ya bar sawunsa, a auna, Baba ya shafe. A ƙarshen watan nan zai ajiye manjagara, kuma ya ce har yau bai gane mutanen da ya yi wa hidima ba.

Wadda ta fi ɗaure masa kai ita ce zakarar nan da ake kira Fara. Ya ga ranar da ta zo ta ɗaya tana kuka, wai tsallen bai kai na bara ba. Ya ga ranar da ta zo ta huɗu tana rawa saboda ƙarin santimita biyu.

"'Yata, santimita biyu fa ko faɗin yatsana bai kai ba."

"Baba, wata takwas na yi ina neman yatsan nan naka."

Ya yi dariya, amma bai gane ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da matarsa. Babbar 'yarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ce idan wata uku suka cika Inna ba ta iya kai kanta banɗaki ba, za ta zo da mota ta tafi da ita, tunda Baba wuni yake a fili. Shekara arba'in da aure, ba su taɓa raba gari ba.

Daga gado zuwa ƙofar banɗaki taku goma sha tara ne, Baba ya auna. Kullum da safe ya ɗaga ta, ta yi uku ko huɗu, ta hango ƙofar can nesa, ta zauna tana haki.

"Malam, rabu da ni. Ƙofar nan guduna take yi."

Wata rana ya jingina da manjagara yana kallon Fara. Ta tsaya a kan katakon da ake tashi tsalle, ta ba ramin baya, tana jera ƙafa tana ƙirgawa, har ta manna filasta a inda za ta fara gudu. Sau dubu ya ga haka bai tambaya ba.

"Me ya sa kike farawa daga ƙarshe?"

"Katakon ba ya motsi, Baba. Filastar ce nake matsarwa."

Washegari ya goya matarsa a baya, ya dire ta taku ɗaya daga ƙofar banɗaki, ya ja layi da alli.

"Yau kuma wace sabuwar hauka ce?"

"Taka kawai."

Ta taka, ta dafa ƙofar. Bayan kwana biyu ya mayar da layin baya. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta shaida cewa kullum sai ta ji Inna ta buga ƙofar nan da tafin hannu, ta ce, "Na iso!" Baba kuwa ya kasa fahimta. Taku huɗu daga gado kuka ne, taku huɗu zuwa ƙofa murna ce, alhali ƙafar ɗaya ce, simintin ma ɗaya. Ya tambayi Fara, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Kwanci-tashi kamar wasa, wata uku suka cika, layin yana kan sha shida. Saura uku. Da mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yar ta shigo ta tarar da gadon a tsakiyar ɗaki, ya bar bango da taku uku. Inna ta miƙe da sandarta, ta tafi tana ƙirgawa a fili, ta buga ƙofar.

'Yar ta dubi gadon, ta dubi ubanta. "Baba, wannan ai maguɗi ne."

"Ni ma na kwana ina tunanin ko maguɗi ne," in ji shi.

Inna ta leƙo daga banɗaki. "Ke, banɗaki kika ce in kai kaina ko bango? Ki gaida mijinki."

Motar ta koma babu kowa a kujerar baya.

Baba Mai Yashi, mai shimfiɗa wa zakaru masauki, kai ne ba a taɓa rataya wa lambar yabo ba, amma babu ƙafar da ta yanke a raminka. Kai ne ka ɗauki darasin da ba ka gane ba ka kai shi gida, ya yi aiki. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa Inna lafiya. Mu kuma da ke zaune muna hangen abin da muke so daga nesa, mu yi yadda ka yi: mu je dab da shi mu fara da taku ɗaya, ko da ba mu gane dalili ba.