Kaskon da Bai Yi Tsatsa Ba

Maigidana ɗan dako ne a kasuwar Singa, da kura yake tura wa 'yan kasuwa kaya. Ran Lahadi da aiki kan yi sauƙi, sai ya shiga Sabon Gari kwasar tarkace: matacciyar fanka, ƙafar gado, ruɓaɓɓen kwanon rufi. A soronmu na Fagge yake zubewa ya ware, ya bubbuge da guduma, Litinin ya kai wa masu sikeli su auna su saya.

Ni ban taɓa son sana'ar ba. 'Yata lokacin tana rarrafe, komai ta gani sai baki, kullum ina tsugune ina tsintar ƙusa. Amma abin da ya fi ƙusa ba ni tsoro shi ne ihun ɓarawo. Na ga yadda aka dawo da wani ɗan gwangwan na layinmu, mai tsintar ƙarafa irinsa, don kawai an ga murfin kwata a buhunsa. Har yau ɗingishi yake.

Wata Lahadi ya dawo da azahar yana fara'a. Wani mai gidan haya ne ya ce ya kwashe duk abin da ke bayan gidan, 'yan haya kuwa suna coci. Ina taya shi warewa sai na ɗago wani baƙin kasko mai nauyi, duk ya lotse, kunnensa ɗaya an ɗaure da waya. Komai na tarin ya yi tsatsa, ban da shi. Cikinsa sumul. Na kai hanci, sai ƙamshin manja da albasa.

Na ce, "Malam, wannan yana da mai shi. Ko jiya an yi suya a ciki."

Ya ce, "Ke dai da tsoro. Masu sikeli nauyi suke saya, ba ƙamshi ba."

"To kurarka shuɗiya fa? Duk layin can an ga fitarta."

Ya yi ta jujjuya kaskon. Can ya ce in ya koma da shi a hannu, kafin ya buɗe baki an rufe shi da duka. Gaskiya ya faɗa. Sai na ce ya kwatanta min gidan. Na goya yarinya, na sa kaskon a buhu na ɗora a ka, ina tafe ina addu'a.

Tun daga bakin layi na jiyo faɗa. Wata dattijuwa ce Inyamura, ko kayan coci ba ta cire ba, tsaye a kan robar ƙullin ƙosai, samari sun kewaye ta, ɗaya yana cewa ai ya san mai kurar. Na durƙusa na kwance buhun, na ce, "Mama, kuskure ne. Cewa aka yi mijina ya kwashe duka."

Ta ɗauka ta duba ciki, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Sannan ta dube ni, ta dubi goyona.

"Wa ya ce ki dawo da shi?"

"Hancina, Mama."

Ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Kaskon nan ya girmi mijinki! A bayan gida nake kifewa don mai ya tsane. Sabon kasko ƙone ƙosai yake, wannan ko ina gyangyaɗi ba ya ƙonawa." Ta juya kan samarin: "Ku kuma me kuke jira? Ku hura min wuta, ko ku watse."

Sai a lokacin na zauna a benci. Ƙosan farko da ta tsamo, ta fifita ta miƙa wa 'yata. Ranar kam ban ce wa yarinyar ta tofar ba.

A bakin titi na tarar da maigida, ya biyo ni ba kura, yana leƙe daga bayan wata rumfa. Yanzu duk Lahadi in ya sauke kaya, ba ya taɓa guduma sai ya ƙwala kira: "Maman yarinya, zo ki shinshina."