Ƙullun Bankun da Ya Tafi Bola

Abubuwa da yawa na zaman New York sun shige mini, amma makon da Babana ya ɗaure jakarsa saboda banku, wannan kam har in mutu yana raina.

Ni 'yar zango ce daga Kumasi, ina aikin kula da tsofaffi a Bronx. Maigidana mutumin Maraɗi ne, yana da teburin huluna da safar hannu a Fordham Road. Da ƙyar muka samu muka kawo Baba, don yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Likita ya sa ranar da za a yi masa aiki, saura kwana goma, sai tsohon nan ya daina cin abinci. Mun hana shi ɗaga ko cokali, yana zaune bakin taga yini guda. Na dafa shinkafa, ya ce ba ta da rai. Na sayo bankun leda a shagon 'yan ƙasarmu, ya shinshina ya ture, wai wannan ya girme ni. Ni da nake lallashin iyayen wasu su ci, nawa uban ya gagare ni.

Ran Litinin ya kira ni. "Uwata," haka yake ce mini don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ku yanka mini tikiti. Gara in makance a gida da cikina cike."

Na roƙe shi ya ba ni zuwa Juma'a, zan yi masa banku da hannuna.

Wanda bai sani ba zai ɗauka banku tuwon masara ne kawai. Ina! Sai an kwaɓa garin da ruwa an rufe, ya kwana uku ya yi tsami, sannan a haɗa da ƙullun rogo a tuƙa. A gida zafin gari ke yin aikin. A ɗakinmu na Tremont kuwa, tsakiyar sanyi, ƙullun ya kwana biyu yana kallona kamar yadda na ajiye shi. Sai na tura robar ƙullun bayan kujera, jikin hita mai ɗumama ɗaki. Ran Alhamis da safe na ɗaga murfi, tsamin ya daki hancina, har da ɗan farin nan na sama da ake kwashewa. Na tafi aiki ina godiya ga Allah.

Da yamma na dawo da kifi karfasa biyu da tumatir da attarugu. Babu roba. Ɗaki sai ƙamshin turare. Maigida ya fito yana murmushin wanda ya yi aikin lada.

"Bon, na gano abin da ka wari gidan ga," in ji shi, har da ɗan Faransancinsu. "Wani abu na ya ruɓe bayan kujera, har ya yi hunhuna. Na kai shi bola, na wanke miki robar tas."

Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Mutumin da ke shan fura da nonon da ya kwana biyu yana lashe baki, yau shi tsami ya dama! Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ya ce shi ina ya sani, shekara shida bai taɓa ganin na kwaɓa irin wannan a gidan ba. Gaskiyarsa ce, ban gaya masa ba, kuma wannan gaskiyar ita ta fi ƙona mini rai.

Juma'a ta zo ba ƙullu. Wata abokiyar aikina ta ce in matsa lemun tsami a sabon gari, tsoho ba zai gane ba. Na bi shawararta. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami, in ma bankun bai yi ba. Na niƙa ɗanyen tumatir da attarugu da albasa a asanka, kaskon nan namu na niƙa, na gasa kifi. Ina jera kwanuka ina hango jakar Baba a bakin ƙofa, a ɗaure.

Baba ya wanke hannu, ya gutsura, ya dangwala, ya tauna a hankali.

"Yajin ya yi. Kifin ma ya yi," ya ce. "Amma Uwata, wa ya koya miki yi wa masara ƙarya?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na fashe da kuka, rabi takaici rabi gajiya. Maigida ya durƙusa ya ce, "Baba, ni na zubda na ƙwarai ɗin. Na aza ruɓewa ya yi."

Sai Baba ya tuntsire da dariyar da ban ji ba tun saukarsa. Ya tambaye ni da wane ruwa na kwaɓa. Na ce na famfo, mai sanyi. "Ei! Shi ya sa. Kawo garin." Tsohon da ba ya gani sosai ya naɗe hannun riga, ya sa aka ɗumama ruwa, ya kwaɓa da kansa, ya sa surukinsa ya ja masa kujera kusa da hita. Yana ba da umarni yana gutsurar bankun ƙaryar, har ya cinye malmala guda bai lura ba.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar tikiti fa?"

Ya juyo da idon nan mai hazo. "Wa zai tafi ya bar ƙullu a hannun mutumin Maraɗi?"

Ran Litinin muka ci banku na gaske, ya kushe tuƙina, ya kuma kwaɓa wani a take. Da ƙullu na uku a bayan kujera aka yi masa aikin ido, kuma abin da ya fara tambaya da muka dawo gida shi ne ko wani ya taɓa murfin.

Har yau in na tuna robar nan da aka wanke tas sai raina ya sosu. Amma na koyi abin da ban sani ba duk da shekaruna: tsohon da ya saba a tambaye shi, in ka zaunar da shi kana yi masa komai, korarsa kake yi cikin ladabi.