Motar Kaka da Taubashina

Jiya da la'asar ina tsaye a bakin wani kanti a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, wata tsohuwar mota ta taka tudun rage gudu, bayanta ya yi ƙiiƙ kamar tsohon ƙyaure. Mai kantin ko kai bai ɗago ba. Ni kuwa sai da na manta abin da na zo saye, domin da wannan kukan na girma.

A unguwar Hindawiyya aka haife ni, a gidan kakana na wajen uba. Aikin hajji ya kawo shi yana saurayi, bai koma ba, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin Larabawa. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya sallame shi da kyautar wata tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu da dogon hanci, koriya shar. Injinta lafiya lau, in aka tashe ta har kwanukan Kakata sai sun amsa. Amma bayanta ya zauna. Iskar Jidda ba ta raga wa ƙarfe, ga gishiri ga laima, da zafi ya shigo kuwa sai ka tarar da gilashin yana gumi tun da safe.

Wata rana muna cin abincin rana Kaka ya faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya iya gyaran bayan motar nan a cikin jikokinsa, shi zai riƙe mabuɗinta. Ina da shekara goma sha shida, kuma ni ne babban jika namiji a gidan. Na ci gaba da cin shinkafata hankali kwance. Da wa zan yi takara?

Ashe abokin takarar yana hanya. Da azumin shekarar ɗan goggota ya zo umara daga Maraɗi, bai koma ba. Taubashina ne, sa'ana, siriri mai dogayen yatsu, ga yawan dariya. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka ba ya wuce lungunmu. Ni ina makaranta tun safe, shi yana gindin mota tare da Kaka. In na dawo sai in tarar da ƙafafu huɗu sun leƙo daga ƙarƙashinta, ana zuba Hausa irin wadda nake ji amma bakina ba ya iya juya ta. Suna kiran sunayen garuruwa da itatuwan da ban taɓa gani ba, Kaka yana dariyar da ban san yana da ita ba. Kaka yana ce masa "abokina". Ni kuwa "ya walad" nake, kamar kowane yaro a titi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji kishi.

Kaka yana da tsarinsa na gyaran baya, ba ya kuma tsallake mataki ko da wa ya roƙe shi. Da farko zai bi duk inda sifirin ya kama jikin mota yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, yana sauraron tsatsa. In ƙarfen ya amsa da kyau, sai a sauya robobin da ke mahaɗa. Bayan su sifirin. Amma ba ya ɗaure noti tam mota tana kan jak, sai an sauke ta ta tsaya da ƙafafunta. Daga nan ya cika jarkoki huɗu da ruwa ya jera a but, ya bar ta mako guda sabon sifirin ya sami wurin zamansa. Sai ya ɗauko wata igiya mai ƙulle-ƙulle ya auna daga ƙasa zuwa bakin taya, dama da hagu. Wannan awon shi ke faɗin tsawon shokozoba da za a nemo, wato ƙarfen da ke shanye girgiza. Faffaɗan tayoyi su ne na ƙarshe.

Ni duk wannan ban koye shi a lokacin ba, gutsuri-gutsuri na riƙa tsinta ina wucewa da fushi. A idona tsarin a juye yake. Wa ke ganin roba? Abin da ido ke gani shi ne taya mai faɗi da baya a ɗage. Na faɗa wa Kaka haka da Larabci, ya amsa mini da Hausa: "Kai so kake a gan ta. Ni so nake ta kai ka ta dawo da kai." Ranar kuma ya miƙa wa taubashina igiyar awon ya ce ya adana.

Sun gama robobi ke nan, ba a kai ga sifirin ba, Kaka ya tafi ziyara Madina na kwana huɗu. Yayan wani abokina yana da wasu shokozoba ja masu sheƙi da ya cire daga motar ɗaukar kaya, ya ba ni. Na ɗaga motar na fara ɗaurawa. Taubashina ya tsuguna kusa da ni.

"Ɗan Jidda, sun yi mata tsawo. Bari tsoho ya dawo mana."

"Halas, ya isa haka, ba motar ubanka ba ce," na ce masa.

Tsakanin taubasai ana faɗin abin da ya fi haka a yi dariya. Amma ya ji muryata, ya san ba wasa nake ba. Ya tashi ya shiga gida.

Na kwashi abokai uku muka nufi bakin teku, iska tana dukan fuskata, ina jin babu kamata a duk Jidda. A hanyar dawowa na taka tudu da gudu. Wani abu ya ce ƙas a baya, motar ta karkace hagu. Shokozoba ya tokare ya yage mazauninsa, ganyen sifirin ɗaya kuma ya karye. Da turi muka shigo da ita lungu, matan maƙwabta suna leƙe ta taga.

Kaka bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya kwanta a ƙasa ya duba, ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe jallabiya. Ya ce gobe in tafi tashlih, inda ake farfasa matattun motoci a can kudancin gari, in nemo mazaunin da na yage, tunda ni ke da takarda. Kunya ta cika ni, na kuma juya ta ta zama rashin kunya. Na ce ya aiki ɗan gaban goshinsa, ai shi ya san komai.

Kaka bai aike shi ba. Shi ne ya ji maganar daga tsakar gida, da safe ya ɗauki karyayyen ƙarfen a leda ya fita ba wanda ya sani. A kan hanya aka tsayar da motar hayar da ya shiga ana duba takardu, aka kama shi. Bayan mako uku goggota ta bugo waya ta ce ya iso Maraɗi, da rigar jikinsa kawai.

Ba a sake maganar gasa ba. Kaka ya lulluɓe motar da tamfol, bai ƙara kwanciya ƙarƙashinta ba. Da ya rasu bayan shekara tara aka ba ni mabuɗin, tunda ba wani mai nema.

Yanzu lungun namu babu shi, an rushe, fili ne fetal. Yaran yau kuwa a waya suke koyon gyaran mota, su yi odar kaya su zo har ƙofa, ba sai an je ko'ina ba. Motar tana wani gareji da nake haya a Ammariyya. Bara na yaye tamfol ɗin, na tsaya a bayanta da sifana a hannu, na gane ban san inda zan fara ba. Sai na nemi lambar taubashina, wanda yanzu yake da garejinsa da yaransa. Na shirya dogon ban haƙuri, bai bar ni na kai rabi ba. Ya yi dariya ya ce in ɗauko biro, ya jero mini matakan ɗaya bayan ɗaya har da yawan ruwan jarkoki. Na tambaye shi yadda aka yi bai manta ba.

"Ai kowace Juma'a tsoho sai ya kira ni, har ya bar duniya. Ya ce duk ranar da ka tambaya in koya maka, amma kada in fara."

Na yi godiya na kashe wayar, na zauna a kan taya. Na so a ce nadama ce kaɗai ta zo mini, sai ga tsohon kishin nan ya riga ta isowa. Shekara tara ina kai Kaka asibiti, ina yanke masa farce, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Amma saƙon da ya bar mini, sai da ya bi ta Maraɗi.