Saƙon Muryar da Na Tura wa Matan Layinmu

Da hantsi saƙon ya shigo, ina tsugune a tsakar gida ina wanke kwanukan sahur, goyo a bayana. Lokacin muna haya a Fadaman Mada, azumi ya raba tsakiya. Ina ɗan sayar da turaren wuta da humra daga ɗaki, masu saye su turo kuɗi ta waya. Shi ya sa maigidana ya buɗe mini asusu a irin kamfanonin nan da ba sai an je banki ba, ya haɗa mini da imel ɗin da ban taɓa aika wa kowa komai da shi ba. Ta imel ɗin nan saƙon ya shigo.

Bokona bai yi nisa ba, amma ina iya haɗa baƙi in tsinci ma'ana. Na ga tambarin kamfanin, launinsa sak. Na tsinci cewa yau za a rufe asusu in ba a tabbatar da shi ba, ga wani shuɗin rubutu a ƙasa an ce a danna. Ni kuwa mai fargaba ce tun asali. Ko tari yarinya ta yi sau ɗaya, na fara lissafin asibiti ke nan.

Muna da guruf na matan layi a waya. Yawancinsu ba sa karatu, don haka komai da murya ake yi: sanarwar suna, rasuwa, an kawo ruwan famfo, masu rigakafi sun shigo unguwa. A wurinmu in kika ji labari kika riƙe shi ke kaɗai, sai a ce ba kya son mutane da alheri. Kuma duk takardar asibiti ko saƙon Turanci, ni ake miƙo wa ta katanga in duba. To kafin ma in danna nawa, sai na kwafi shuɗin rubutun na tura musu, na ɗora murya a kai: "Salamu alaikum matan layi, sannunmu da ibada. Duk mai asusu irin nawa ta yi sauri ta danna wannan, yau za su rufe. Na karanta da idona."

Har na ji daɗi a raina, na yi aikin lada da azumi.

Sannan na danna nawa. Shafin ya tsaya yana ta juyawa bai buɗe ba, ashe data ce ta ƙare. Na zura hijabi na fita bakin titi wurin Madam, wata 'yar kudu mai shagon katin waya da cirar kuɗi. Ta daɗe a Bauchi, Hausa ta zauna a bakinta, sai dai kowa "kai" ne a wurinta.

"Amarya, ina za ka da rana haka? Ka soya yarinya," in ji ta. Haihuwata biyu, amma har yau Amarya take ce mini.

Na miƙa mata wayar, na ce ta sa mini data da sauri kafin a rufe mini asusu. Ta kalli saƙon, ta taɓa sunan wanda ya aiko. Sai ga wani dogon adireshi ya fito a ƙarƙashi, haruffa da lambobi a cakuɗe, babu abin da ya haɗa shi da sunan kamfanin.

"Wannan ɓarawo ne. Tambari kowa yana iya kwafa." Ta sa mini datar, ta ce in buɗe manhajar kuɗin da hannuna, in duba ko an rubuto mini wani abu a ciki. Babu komai. "In suna son magana da kai, a nan ciki za ka gani. Ba sa tambayar lambar sirri, ba sa tambayar lambar da suke turo maka. Ko ni na tambaya kar ka ba ni. Ka danna?"

"Bai buɗe ba."

"To talauci ya yi maka rana yau."

Na yi dariya. Dariyar ba ta gama fita ba saƙonnin guruf suka fara shigowa. Wannan ta ce Allah ya saka da alheri, waccan ta ce sai mijinta ya dawo. Sai muryar Maman 'yan biyu, da ƙarar keken ɗinki a bayanta: "Ƙanwata na gode. Na yi nawa, har sun turo lamba na saka musu."

Tela ce, ƙofarta na kallon tamu, mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye mata. Gab da Sallah mutane kan turo mata kuɗi ta je kasuwar Wunti ta sayo musu yadi ta ɗinka. Kuɗin mutane ne a asusun, ba nata ba.

A tsaye a shagon na yi wata muryar, na ce kada kowa ta danna, ƙarya ce, ni ce na yi kuskure. Ban san yadda na isa gidanta ba. Na same ta a kan keke, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Yaya, buɗe asusunki mu gani."

"Ai na gama, ƙanwata. Zauna mana, kin sha rana."

"Don Allah Yaya, buɗe."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke ƙafarta daga kan keken ta yi salati a hankali. An kwashe kuɗin tas. Muka koma wurin Madam, aka kira lambar kamfanin da ke cikin manhajar, aka toshe asusun, aka canza lambar sirri. Suka karɓi koke suka ce za su bincika. Sallah kuwa ba ta jiran bincike.

Ban ji Maman 'yan biyu ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Da na fara kuka cewa ta yi, "Ke alheri kika nufa. Hannuna ne ya danna." Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Ta kira masu ɗinkin ɗaya bayan ɗaya ta faɗa musu. Wasu suka ce Allah ya mayar da alheri. Wata kuwa daga unguwar Ɗan Iya ta zo har ƙofar gida bayan la'asar, ta tsaya a waje tana faɗa da ƙarfi cewa an dai ci amana, kowa yanzu ya ci kuɗin mutane sai ya ce 'yan damfara ne. Ina bayan ƙyaurenmu ina ji. Maman 'yan biyu ta yi ta ba ta haƙuri, ba ta ambaci sunana ba. Hijabina yana hannuna. Taku kaɗan ne tsakaninmu, in fita in ce ni na tura mata, ga matan layi duk sun ji muryata. Na tsaya ina jijjiga yarinyar da ba kuka take ba, har matar ta hau keke napep ta tafi.

Maigidana ya ba da abin da zai iya. Wani mai yadi a Wunti da ya san marigayi mijin Maman 'yan biyu ya yarda ya ba ta kaya ta biya a hankali. Ni kuma kullum in na ɗora kunun shan ruwa sai in tsallaka in yi mata kalmasa da sa maɓalli. Duk da haka bai isa ba. Ina zaune ta ɗauko shaddar da ta ajiye wa tagwayenta tun kafin azumi, ta shimfiɗa, ta sa almakashi ta yanka wa 'ya'yan matar Ɗan Iya. Matar ta aiko aka karɓi ɗinkin, ba ta sake kawo aiki ba, ta kuma janye 'yan uwanta.

Ranar Sallah tagwayen suka shigo gaishe ni cikin kayan bara. Uwarsu ta warware kalmasar ƙasa ta ƙara musu tsawo, ana ganin layin tsohon ninkin inda launi bai koɗe ba. Suka durƙusa suka ce, "Anti, barka da Sallah." Na zuba musu tuwo, na cika musu nama, na zauna ina kallon bakin rigunansu har suka gama ci.