Abin da Aka Cire, da Abin da Aka Bar Mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Masu neman kek na biki da masu turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Jinya na yi, sai yanzu na iya zama na ba ku labari.

Tun ina sakandare al'ada ba ta zo mini da sauƙi. Ciwon mara ne mai sa ni birgima a ƙasa, har da amai. Umma takan dafa mini kanumfari ta ce, "Yi haƙuri Maryam, in kin yi aure zai daina."

Na yi aure, muka tare a Trikania. Bai daina ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya zagaya bayana, ya sauka ƙafar hagu, shiga bayan gida ya zama abin tsoro. Shekaru suna ta tafiya, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Babu inda ba mu je ba. Wannan ya ce ciwon sanyi ne, wancan ya ce taifot. Na sha na asibiti, na sha na gargajiya, har na daina tambayar sunan magani.

Rannan na kai kek wani biki a Gonin Gora. Ina saukowa daga keke napep sai na ji kamar an caka mini wuƙa a mara. Na zube a bakin titi. Wata mai gasa masara ce ta tallabe ni, ta kira mijina Sadiq da wayata.

A asibitin da aka kai ni na haɗu da wata likitar mata. Ita ce ta fara bari na gama bayani ba ta katse ni ba. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka sake yin wani babba.

Ta ce sunan ciwon endometriosis. Irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta, duk wata ya yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita.

"Akwai ƙulli cike da tsohon jini a gidan ƙwanki na hagu, ya manne da hanji," in ji ta. "Sai an yi aiki."

Na ce, "Likita, zan haihu?"

"Wannan ba a hannuna yake ba. Zan yi iya ƙoƙarina in bar miki mahaifa. Amma idan jini ya ɓalle, ranki zan fara ceta. Sai kin amince da haka za mu shiga."

Umma ta miƙe tsaye. "Wallahi ba za a taɓa mahaifar 'yata ba. Yarinya ko ɗa ɗaya ba ta da shi!"

Sadiq ya ce, "Umma, ni nake ɗaga ta daga ƙasa duk wata. Amma jikinta ne, ita za ta faɗa."

Duk suka zuba mini ido. Na sa hannu a takardar amincewa.

Kuɗin aikin ya fi ƙarfinmu, sai da na sayar da injin gasa kek ɗina. 'Yan uwa suka ba da jini aka ajiye.

Da safe aka tura ni ɗakin tiyata. Sanyi, fitilu, ƙarar ƙarafa. Ina cikin salati aka sa mini allurar barci.

Na farka maƙogwarona a bushe, ga robar fitsari, ga jini ana ƙara mini. An ce da ƙananan huji za a yi aikin, amma da na shafa cikina sai na ji doguwar filasta.



Na tambayi nas, ta ce in jira likita. Na dubi Umma, idanunta jajur, ta kawar da kai. Ban sake tambayar kowa ba. Na kwanta ina kallon silin, ina ce wa kaina shi ke nan, an cire.

Sai bayan la'asar likitar ta shigo.

"Kin ba mu aiki, Maryam. Jini ya zuba, dole muka buɗe cikin. Gidan ƙwai na hagu ya lalace, mun cire. Mun raba hanjin lafiya. Mahaifarki tana nan, gidan ƙwai na dama ma yana nan."

Ashe ita ma Umma ba a faɗa mata komai ba. Nan ta faɗi ta yi sujada a tsakiyar ɗaki.

Jinyar ba wasa ba ce. Ko ruwa an hana ni sai hanjina ya motsa, nas na ta leƙowa tana tambaya ko na yi tusa. Zazzaɓi ya rufe ni, aka tsorata ko ɗinkin ne ya yi ruwa, Allah Ya kiyaye. Tafiyar farko zuwa bakin ƙofa da kuka na yi ta.

Da al'ada ta kusa dawowa, tsoro ya hana ni sakewa. Ta zo. Na ji ciwo, amma a tsaye na dafa abincin rana. Na zauna a kicin na yi ta hawaye.

Ba zan ce muku na rabu da shi har abada ba. Likita ta ce yana iya dawowa, ina kan magani, ina zuwa a duba ni. Maganar haihuwa kuma mun bar wa Allah, don Allah kada a tambaye ni.

Alhamdulillah. Likitata da nas-nas, Sadiq, Umma, waɗanda suka ba da jini, da baiwar Allah mai masara da ban san sunanta ba, Allah Ya saka muku da alheri.

'Yar uwa, idan al'ada tana hana ki aiki ko makaranta, nemi likitan mata. Faɗa masa komai, har abin da kike jin kunya. Kafin aiki ki tambayi abin da za a iya cirewa, ki tafi da wanda zai tsaya miki. Idan likita bai saurare ki ba, tashi ki nemi wani.

Ciwon da yake kayar da ke ƙasa ba raki ba ne.